Sharhi a kan fatarin tul da aka ɗinka mini a Zengo

Duk macen da ta taɓa ganin siket mai buɗewa a hoton waya, ta kai atamfarta wurin tela, sannan aka dawo mata da shi yana kwance a jikin ƙafafunta, ta san cewa yanka kaɗai ba ya tayar da siket, sai da abin da ke ƙarƙashinsa. Saboda bikin ƙanwata na ba wata tela a unguwar Zengo ta birnin Zinder ɗinkin fatari na tul, wato yadin nan mai ƙananan ramuka kamar raga, wanda zan sa a ƙarƙashin siket ɗin atamfa mai faɗi, kuma na yi amfani da shi a bikin da wasu sha'anoni da suka biyo baya.

Da farko niyyata ita ce in sayi ɗinkakke a Kasuwar Dole, irin mai zoben roba ko na waya a ciki, wanda ke tsayawa da kansa kamar akurki. Telar ce ta hana ni, ta ce: "Hajiya, da wannan za ki zauna a tabarma gaban surukai?" Gaskiya ta faɗa. Fatari mai zoben ƙarfe ya yi tashe a Turai tun daga 1856, kuma ya dace da mai tsayuwa ko mai zama a bakin kujera, alhali mu a nan Damagaram biki na nufin durƙusawa a gaida manya, da zama a ƙasa, da tashi yin salla, wani lokaci har da hawan kabu-kabu. Zobe ba ya lanƙwasa, idan an danne gabansa bayansa ne ke tashi.

Abin da ya fi burge ni a aikinta shi ne yadda ta raba nauyin. Daga ƙugu zuwa kimanin santimita 20 ta sa yadin auduga a shafe, ba tattara ko kaɗan, domin kada ciki da kwankwaso su ƙara girma. Daga nan ta jera tul mai tauri hawa uku, kowane hawa tsawonsa ya ninka na samansa sau biyu kafin a tattare shi, saboda haka faɗin yana ƙaruwa ne a hankali har ya cika a ƙasa. Na zauna na ga yadda take tattarar: tana bin bakin tul ɗin da layi biyu na ɗinki mai faɗin taku, ta ja zaren ƙasa da yatsu, tana baje tattarar da farce har ta daidaita, kafin ta danne da keke. Ta ce layi ɗaya yakan tsinke ana cikin ja, sai aiki ya koma baya. A bakin siket ɗin kansa ta ɗinka wani siririn ƙyallen nailan mai tauri daga ciki, shi ne ya hana bakin faɗawa tsakanin ƙafafu, ta kuma rage tsawon fatarin da santimita 3 don kada ya leƙo.

Shafin ciki ne na fi yi mata godiya a kansa. Tul na nailan ne, ba ya shan zufa, kuma bakinsa yana kartar fata, ga shi zafin Zinder a watannin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40. Ta yi shafin da auduga mara nauyi har ƙasan gwiwa, ta juya duk mahaɗan ɗinki suna kallon waje, don haka na wuni da shi ban ji ƙaiƙayi ba. Ba zan ce babu zafi ba, domin duk tufar da ta kai hawa haka sai ta riƙe iska, amma zafi ne da za a iya jurewa.

Akwai inda aikin ya gaza. Robar da ta sa a ƙugu siririya ce, nauyin tul ya sa ta nannaɗe tana cin fata, sai da na mayar aka cire ta aka zura mazagi, kuma ina ganin mai gwaninta irin tata ya kamata ta hango haka. Aikin ya kuma wuce ranar alkawari, ko da yake ɗaukewar wuta tana cikin dalili. Kuɗin ɗinki da na tul sun kusan kai na siket ɗin, amma ban ga tsadarsu ba idan na tuna tsawon tul ɗin da ke hawan ƙasa kaɗai.

Sauran matsalolin na tul ne, ba na tela ba. Yana kwasar rairayi a lungunan unguwar Birni, farinsa ya koma ja daga ƙasa, kuma idan ƙarangiya ta kama ramukansa sai an zauna an cire ta ɗaya bayan ɗaya, in an fizga ya yage. Da hannu ake wanke shi a ruwan sanyi, ba a murɗe shi, a shanya shi a kife a inuwa domin tattarar ta sake tashi. Kada a haɗa shi da kayan da za a kai wa mai guga, domin dutsen guga na gawayi yana narkar da nailan nan take.

Na gwada shi da wani siket na leshi mai duwatsu, sai nauyin leshin ya danne shi, buɗewar ta ragu sosai. Telar ta ce irin wannan sai an ƙara hawa na huɗu a ƙasa. Saboda haka wadda za ta ba da irin wannan ɗinki ta tafi da siket ɗin da takalmin da za ta sa, a auna fatarin a kansu, ta kuma nemi mazagi tun ranar awo.