Sharhi kan gidan kiwon dokin teku na Seahorse World da ke Tasmaniya

A garin Beauty Point na tsibirin Tasmaniya, a ƙasar Ostireliya, akwai wani gida mai suna Seahorse World da aka kafa a kan tashar jiragen ruwa ta bakin kogin Tamar, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a mota daga birnin Launceston. Gidan gona ce da ake kiwon dokin teku, wani ƙaramin kifi mai kai kamar na doki, domin sayarwa ga masu ajiye kifi na ado, sannan an buɗe ta ga masu ziyara, waɗanda ma'aikaci ke zagayawa da su na kimanin minti 45 yana yi musu bayani.

A ganina, sashen kiwon shi ne ya cancanci kuɗin shiga. A nan ne aka jera tankuna bisa girman dabbobin, tun daga jarirai masu sirantaka kamar zare har zuwa manya, kuma mafi yawansu irin nan ne mai ƙaton ciki da ake samu a tekun kudu maso gabashin Ostireliya da Niyu Zilan, wanda tsawonsa kan kai santimita 35. Wanda ya tsaya lokacin ba su abinci zai fahimci dalilin da ya sa kiwonsu ke da wuya. Dokin teku kifi ne, amma ba shi da haƙora, ba shi kuma da tumbi, saboda haka abinci ba ya daɗewa a cikinsa, dole ya wuni yana ci. Yakan naɗe wutsiyarsa a jikin ciyawar teku ya yi lamo, kowane ido yana juyawa nasa gefen, har sai ƙaramin jatan lande ya gitta, sai ya zuƙe shi da dogon bakinsa cikin ƙiftawar ido.

Bayanin da ake yi game da haihuwarsu ma ya gamsar da ni, domin ana yin sa ne mutum yana kallon dabbar. Mace ce ke zuba ƙwai a cikin jakar da ke jikin namiji, shi kuma ya ɗauke su na kusan wata guda, sannan ya yi naƙuda ya fitar da ɗaruruwan 'ya'ya, waɗanda babu mai kula da su daga wannan lokaci.

Gidan ba babba ba ne, kuma wanda burinsa shi ne ganin manyan kifaye a cikin tankuna masu faɗi, ya fi kyau ya nemi wani wurin. Sai dai ga ɗalibai da iyaye masu son 'ya'yansu su koyi wani abu, ina ba da shawarar zuwa ba tare da wata tantama ba. Kiwo irin wannan yana da muhimmanci, ganin yadda ake kama miliyoyin dawakin teku a kowace shekara ana busarwa domin haɗa maganin gargajiya na ƙasar Sin, har daga gaɓar Senegal da Gini, lamarin da ya sa tun shekarar 2004 yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar barazanar ƙarewa, ta sanya ido kan cinikinsu tsakanin ƙasashe. Duk dokin tekun da aka saya daga gona, ba a raba shi da ciyawar teku da murjanin da yake rayuwa a cikinsu ba.