Shagon tsiron dawa a gefen Bukuru: sauƙin da ya kawo wa masu dafa burukutu a gida da inda ya gaza

Mafi yawan lokacin da dafa burukutu yake ci, wajen tsirar da dawa yake tafiya. Kafin a kai ga ɗora tukunya a kan murhu, sai an jiƙa hatsin ya kwana a ruwa, a tsane shi, a baza shi a inuwa a lulluɓe da ganyen ayaba ko buhu mai danshi, a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma ana juya shi har kwana huɗu ko biyar, sannan a shanya shi a rana ya bushe ƙayau, a murje shi, a bakace, a kai inji. Mako guda ke nan cur, kuma mako ne da ba ya barin mutum ya yi nisa da gida, domin sakacin wuni ɗaya ya isa hatsin ya ɗauki zafi ya yi funfuna. Iyayenmu mata a ƙauye suna haɗa wannan aiki da sauran hidimar tsakar gida, amma macen da take fita da sassafe ta dawo da yamma, kamar yadda aikin koyarwa ya mayar da ni, ba ta da wannan sararin. Dalilin da ya kai ni wani ƙaramin shago a gefen Bukuru ke nan, kudu da Jos, inda wata dattijuwa da 'ya'yanta mata suke sayar da busasshen tsiron dawa, suna niƙa wa mai so, suna kuma ba da hayar manyan tukwane.

Na san cewa akasarin masu karanta Hausa ba sa shan giya. Musulunci ya haramta ta, kuma coci-coci da dama a nan Filato suna hana mabiyansu kusantarta, don haka ba na kiran kowa zuwa ga abin da imaninsa ya hana shi. Ina magana ne da gidaje irin na surukaina, inda har yau ba a kiran gayyar noma ko ta yankan acca, ba a kuma sallamar baƙin biki, sai an ajiye randar burukutu a gindin bishiya. Ban da wannan, tsiron da shagon yake sayarwa shi ne dai wanda masu kunun zaƙi suke zubawa domin kunun ya tsinke ya yi zaƙi, kuma suna cikin manyan masu saye a wurin, saboda haka abin da zan faɗa game da ingancin kayan ya shafe su.

Abin da ya fara gamsar da ni shi ne yadda ake shanya. A bayan shagon akwai daɓen siminti da aka kewaye da waya saboda awaki da kaji, ana shimfiɗa tamfol a kai kafin a baza hatsin, shi ya sa ba kasafai ake cin karo da tsakuwa ko yashi a cikinsa ba. Mama, kamar yadda kowa yake kiran mai shagon, ba ta auna wa sabon mai saye sai ta damƙo masa kaɗan a hannu. "Tauna ki ji, 'yata, kafin mu yi maganar kuɗi," in ji ta. Tsiron da ya yi kyau yana marmashewa a ƙarƙashin haƙori ba tare da wahala ba, cikinsa fari ne kamar gari, yana da ɗan zaƙi a harshe, kuma ƙamshinsa ba ya ɗauke da warin ruma. Ƙwayar da ba ta tsira ba kuwa tana nan da taurinta. A cikin abin da nake saye a lokacin rani, da wuya in tsinci ƙwayoyi masu tauri fiye da 'yan ƙalilan a damƙa guda, wanda ya nuna cewa tana zaɓen iri mai rai, ba tsohuwar dawar rumbu da ƙwari suka huda ba. Ta ce daga ƙasan Filato take sarowa, wajen Langtang da Shendam, kuma ba ta karɓar hatsin da aka barbaɗa wa maganin ƙwari.

Akwai wani aikin da take yi da kyau wanda mutane da yawa suke rainawa, wato murje saiwoyi da hudar da dawar ta fitar. Waɗannan sassa suna ɗauke da wani sinadari da ke sakin guba irin wadda ke cikin rogo mai ɗaci, kuma dalilin da ya sa makiyaya ba sa barin shanu su yi kiwo a kan gyauron dawa ke nan. Shanya kaɗai ba ta kawar da shi. Murjewa da bakacewa ne suke rage kaso mai yawa, dogon dafuwa kuma ya ƙarasa. Tsiron wannan shago yana zuwa a murje tsaf, kuma ana jin bambancin a baki, domin giyar ba ta da ɗacin nan da ke maƙale wa mutum a maƙogwaro.

Ƙarfin tsiro shi ne ginshiƙin dafuwar gaba ɗaya, kuma ya kamata mai saye ya fahimci dalili. Lokacin da ƙwayar dawa ta fara tsira, tana samar da sinadaran da ke narkar da sitacin cikinta ya koma sukari, sukarin nan kuma shi yis yake ci ya mayar da shi giya. Matsalar dawa ita ce sitacinta ba ya nuna sai da zafi mai yawa, zafin da yake kashe waɗannan sinadarai. Iyayenmu sun warware wannan tun kafin wani ya rubuta shi a littafi: ana dama garin tsiron da ruwa a bar shi ya kwanta, a tsiyaye ruwan saman a ajiye gefe, a dafa kaurin ƙasan shi kaɗai har ya nuna, sannan a juye ruwan da aka ajiye a kansa. Idan tsiron yana da ƙarfi, kana tsaye da muciya a hannu za ka ga kaurin ya saki ya tsinke, in ka ɗanɗana ka ji zaƙi ya bayyana. Idan tsiron mai rauni ne, haka zai zauna da kaurinsa, an yi asarar itace da ruwa da wuni guda. Da kayan rani na wannan shago, kaurin yana saki da wuri, kuma wannan shi ne babban abin da nake biyan kuɗi dominsa.

Sai maganar tanadi, wadda a nan ne na fi ganin amfanin shagon. Burukutu ba ya ajiyuwa. Ana shan sa ne yana kan tashi, yis da ƙwayoyin tsami suna raye a cikinsa, kuma bayan kwana biyu ko uku tsamin yake rinjaye har ya fi ƙarfin baki. Wanda ya ɗura shi a jarka ya ɗaure murfin tamau domin ya adana, zai tarar jarkar ta kumbura, wani lokaci ta yi bindiga. Firiji yana jinkirta lalacewar, amma gida nawa ne yake da wutar da za a dogara da ita, balle firijin da zai ɗauki abin da 'yan gayya za su sha? Don haka mai son ya kasance a shirye kodayaushe, tsiro zai tara. Busasshen tsiron da ba a niƙa ba yana yin watanni in an kare shi daga danshi da ƙwari. Ni a buhun PICS nake zuba nawa, wanda manoman wake suka sani, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, in ɗaure kowace leda daban, in ɗora shi a kan katako nesa da bango. Garin da aka riga aka niƙa kuwa yana jan danshi da sauri, ƙamshinsa yana gushewa, saboda haka shawarata ita ce a sayi ƙwaya da yawa, a riƙa niƙa gwargwadon dafuwa ɗaya kawai.

Da tsiro a ɗaki, aikin mako guda da kwanaki ya dawo na yamma biyu. Idan gayya ta kama ranar Asabar, ana iya dama gari da dafuwar farko ranar Alhamis bayan an tashi daga aiki, a bar shi ya kwana ya ɗauki tsami, ranar Juma'a a yi dafuwa ta biyu mai tsawo, a sauke ya huce, a zuba masa ragowar tsohuwar giya da ta kwanta a gindin randa, a rufe ya tashi. A cikin hunturu, sanyin Jos yana sa tashin ya yi nawa, don haka gara a fara tun Laraba. Shagon yana ba da wannan ragowar a ƙaramar roba ga wanda ya sayi tsiro, abin da yake da muhimmanci ga gidan da ba ya dafawa a kai a kai, domin in ba haka ba sai an bi maƙwabta ana roƙo.

Inda shagon ya gaza kuwa, a damina ne. Daga Yuli zuwa Satumba rana ba ta tsayawa a kan tsaunin Filato, kuma Mama ba ta da wata hanyar busarwa ban da daɓenta. Na taɓa karɓar kayan Agusta da na tarar suna da laushi a hannu, wasu ƙwayoyin sun yi baƙi-baƙi, warin ruma yana tashi da zarar an buɗe bakin buhun. Na mayar, ta karɓa ba tare da gardama ba, ta kuma mayar mini da kuɗina, wannan kam na yaba. Amma abin da ya dame ni shi ne kayan suna nan a shagon ana auna wa wasu. Funfunar hatsi ba abin wasa ba ce, domin wasu nau'o'inta suna barin gubar da ke lahanta hanta, wadda tafasa ba ta kashe ta, kuma masu kunun zaƙi yara ne suke shan abin da suka dama. Tsiron da ya yi funfuna zubarwa ake yi, ko dabba bai kamata a ba ta ba. Na gaya mata haka ido da ido, kuma ina maimaitawa a nan: ko dai ta tara isasshen kaya tun rani, ko ta dakatar da sayarwa a watannin da ba ta iya busarwa.

Injin niƙan ma yana da matsala, domin guda ɗaya ne, kuma da shi ake niƙa citta da barkono da kanumfari na masu kunu. In ba ka tsaya a kai an zuba ɗan hatsi an wanke bakin injin ba, garinka zai fito da yaji. Game da tukwanen haya, na aluminiyam ɗin suna da kyau kuma ana wanke su, amma akwai wasu durom-durom na ƙarfe da aka yanke, cikinsu ya yi tsatsa, ba a kuma san abin da aka fara zubawa a cikinsu ba kafin su zo kasuwa. Ruwa mai tsami da ake tafasawa na sa'o'i yana cin ƙarfe, don haka ba na karɓar su ko da kyauta ne, kuma wajen tashi randar ƙasa ta gida nake amfani da ita. Wani ƙaramin gyara da zai taimaka shi ne rubuta watan da aka yi kowane buhu a jikinsa, domin a yanzu sai dai ka dogara da abin da aka gaya maka.

Kuɗin mudun tsiro ya ɗara na mudun ɗanyar dawa sosai, kuma da farko mutum zai ji kamar an tsawwala. In aka yi lissafi da adalci, ba haka ba ne. Dawa tana rage nauyi wajen tsira, saiwa da huda da aka bakace sun tafi, ga ruwa, ga aikin mako guda na mutum uku, ga asarar da ake yi in wani zubin ya lalace. Ita kanta dawar ba ta da arha kamar da, domin masu dafuwar gida ba su kaɗai suke nemanta ba. Tun da gwamnatin tarayya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, manyan kamfanonin giya da na lemon malt suka koma kan dawa, har irin dawa mai suna SK5912 da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta fitar ya zama abin nemansu, kuma dillalansu da tirela suke saye a kasuwannin hatsi na Arewa. Ƙaramin shago irin wannan ba shi da ta cewa a kan farashi. Abin da zan iya shaida shi ne mudunta cikakke ne, ba a bubbuge gindinsa ba, kuma tana yin ragi ga wanda ya ɗauki buhu.

A watan Disamba layi yana yin tsawo, kaya kuma suna ƙarewa tun kafin Kirsimeti, har takan haɗa jar dawa da farar domin ta sallami kowa, abin da yake sauya launin giyar da ɗanɗanonta. Mai son jar dawa zalla sai ya faɗa tun da wuri ya ba da kafin alƙalami. Lokacin da ya fi dacewa a yi babban saye shi ne daga Janairu zuwa Maris, sa'ad da sabuwar dawa ta cika kasuwa, iskar hunturu tana busar da shanya a wuni biyu, cunkoson biki kuma ya wuce. A lokacin nake ɗaukar abin da zai kai gidanmu har gayyar noman farko da yankan acca, ina tauna daga saman buhu da tsakiyarsa kafin a ɗinke baki, kuma ba na komawa sayen tsiro a shagon daga Yuli sai ruwa ya ɗauke.