Kalkuleta Casio fx-991ES Plus ko fx-82MS, ga mai son yin jometiri da kompiles namba (lambobi irin 3+2i)?

Ƙanena, ɗauki 991ES Plus kawai, kada ka tsaya wasi-wasi.

Tawa ta shekara bakwai a jakata, murfinta duk ya karce, rubutun maɓallin ENG har ya fara gogewa, don shi ne ke fito da i, wato √−1, idan ka danna MODE sannan 2. Ranar da ta ƙara shiga raina, wani ɗalibina ne ya biyo ni bayan la'asar da tambaya: an ba shi kusurwoyi biyu maƙwabta na murabba'i, A a (1,1), B a (4,3), wai ya nemo sauran biyun. Yaro ya cika shafi guda da lissafin layuka, gumi yake yi. Na ce ajiye biron. Muka mai da A ta zama 1+i, B ta zama 4+3i. Aka cire A daga B, ya ba da 3+2i. Na ce ninka da i. Allon ya nuna −2+3i. Ninkawa da i juya layi ne da digiri 90, ba wani abu ba. Ya haɗa da A ya sami −1+4i, ya haɗa da B ya sami 2+6i, murabba'i ya tashi. Sai ya kalle ni ya ce, "Malam, ke nan an gama?" Da alwatika mai gefe uku daidai ake nema, da 1∠60 za mu ninka, wato juyin digiri 60. Kuma SHIFT da 2 za su ba ka kusurwa da tsawon layin kai tsaye. Dabarar ma ta tsufa, tun 1799 wani mai awon ƙasa ɗan Norway, Caspar Wessel, ya buga ta.

Ita 82MS, to, tana lissafi, kuma ta fi araha. Amma ba ta san i ba sam. Sai dai ka yi ta fama da Pol da Rec, masu juya x da y zuwa tsawo da kusurwa ko akasin haka, kana kwafar lambobi a gefen takarda.

Abin da ba ka tambaya ba: jabu ya cika kasuwa. Ni kaina an taɓa yi min sakiyar da ba ruwa a wani shago, mutumin har da rantsuwa. Wadda ya sayar min wata biyu ta mutu, na ɓalle bayanta, ashe gilashin sola ɗin nan ado ne, ko waya ɗaya ba a jona masa ba. Kafin ka miƙa kuɗi, kunna ta a gaban mai shagon, ka buga (3+2i)×i ka ga ko −2+3i zai fito, ka latsa kowane maɓalli ka ji ko yana maƙalewa. In ya hana ka buɗe kwalin, ko ya karya farashi da yawa tun ba ka taya ba, wuce shago na gaba.