Tftpd64 wajen kwaso log daga suwic: yana aiki, amma kar ka bar shi a kunne

Duk wanda ya taɓa kai ƙorafin suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutoci a netwok) wajen masu kamfanin da suka ƙera shi ya san abun da za su fara cewa: turo mana show tech, wato cikakken rahoton halin da suwic ɗin ke ciki. To fayil ɗin nan ba ƙarami bane, in kace zaka bari ya zubo a PuTTY (manhajar da ake rubuta wa suwic umarni) ta kebul ɗin konsol da gudunsa na bit 9600 a daƙiƙa, megabait ɗaya kawai zai ci maka kusan minti 18 kana zaune kana kallon rubutu na rarrafe, in kuma ka manta baka kunna ajiyar rubutun ba shikenan sai a sake daga farko.

Shi yasa Tftpd64 baya barin laftof ɗina. Ɗan ƙaramin manhaja ne na Windows da ke karɓar fayil daga suwic ta netwok da hanyar tura fayil da ake kira TFTP, kyauta, akwai ma wanda baya buƙatar sakawa, ka buɗe kawai ya tashi. Abu biyu zaka taɓa, foldar da fayil zai sauka da kuma adireshin IP na katin netwok ɗin laftof da ke haɗe da suwic ɗin. A suwic na Cisco sai ka rubuta show tech-support | redirect tftp:// ka bi shi da adireshin laftof da sunan fayil, ko copy flash: tftp: in crashinfo kake so, wato fayil ɗin da suwic ke ajiyewa in ya faɗi. Kana dannawa zakaga wani ɗan akwati ya fito yana nuna yadda fayil ke shigowa. Gaskiya nan ya burge ni, ba asusu, ba rajista, ba wani dogon turanci.

Abun da mutane basa lura dashi kuma shine Tftpd64 yana da sabar syslog a ciki, wato mai karɓar log, saƙonnin da suwic ke rubutawa kan abun da ke faruwa dashi. Log ɗin da kake gani da show logging a RAM yake zaune, kana sake kunna suwic ya tafi har abada, kuma mu duka mun san hannu baya jira, da abu ya rikice sai a kashe a kunna. In ka sa logging host da adireshin laftof, saƙonnin zasu riƙa zuwa ta UDP 514 suna taruwa a gabanka, ko suwic ɗin ya faɗi kana da abun nunawa. Dan Allah a kwashi log tukunna kafin a taɓa wuta.

Matsalolin da zaka haɗu dasu yawanci na TFTP ne kansa. Yana fara magana ta UDP 69 sannan ya koma wata kofa daban, to in fayawol bata yarda da manhajar gaba ɗaya ba sai kaga suwic ya jera maka ɗige-ɗige yace lokaci ya ƙare, wani lokacin ma fayil ya bayyana a folda amma babu komai a ciki. Sannan a ƙa'ida gutsure na bait 512 yake aikawa, kowanne sai an amsa kafin na gaba ya fita, a kebul ɗaya ba zaka ji ba amma in suwic na can wani gari nesa wallahi zaka sha jira. Tsofaffin suwic kuma suna iya maƙalewa a wajen megabait 32.

Babban abun dai shine a TFTP babu kalmar sirri, babu ɓoye bayani. Duk wanda ke kan layin zai iya karanta abun da ya wuce, kuma muddin manhajar na kunne kowa a netwok ɗin zai iya neman fayil daga foldar in ya canki sunan, ka tuna kwafin saitin suwic na ɗauke da sirrin SNMP, wato kalmar da ake sa ido kan suwic da ita daga nesa. Ni folda ta musamman nake ware masa, ina gamawa in rufe. Ka leƙa saitinsa kuma ka cire alamar DHCP, mai raba adireshin IP, kar laftof ɗinka ya fara rabawa mutane adireshi.

In kana tsaye gaban suwic da kebul a hannu, ban ga wanda ya kai shi sauƙi ba. In ta nesa ne ka kunna ip scp server enable a suwic ka ja fayil ɗin da scp, mai kwafi a ɓoye, ta kofar 22, sai dai tun OpenSSH 9.0 na 2022 (manhajar da scp ke ciki) scp ya koma bin wata hanyar da ake kira SFTP, saboda haka ka ƙara -O in suwic ɗin ya ƙi amsawa.