Kafin ka biya kuɗin koyon tsaron intanet a Maraɗi

Ɗan yayata ya ci bak bana. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya same ni a shago, ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, dubi wannan. Wata uku ne kawai, jaka 250, kuma sun ce takardar ta duniya ce." Talla ce ta kwas ɗin koyon tsaron intanet: saurayi cikin riga mai hula, fuska a duhu, koren rubutu na zubowa a bayansa. Na karanta har ƙasa. Babu sunan malami, babu sunan hukumar da za ta ba da takardar, sai lambar WhatsApp da gargaɗin cewa gurbi goma ya rage. Na ce masa ya ja benci ya zauna, na aika a kawo shayi, don maganar ba ta tsaye ba ce.

Ni an taɓa cina a wannan kasuwa, shi ya sa. Shekarun baya na sayar da babur ɗina, na haɗa da abin da na tara, na tafi wata cibiyar horo da ba zan kama sunanta ba. Mako shida muna kallon malami yana haska hotuna a bango. Ko sau ɗaya ban taɓa wata na'ura ba ban da kwamfutata. Ranar ƙarshe aka ba mu takarda mai ruwan zinariya da hatimi har uku. Da na kai ta neman aiki, mutumin da ya karɓa ya juya ta gaba da baya ya ce, "Malam, ina lambar da zan duba ta da ita?" Babu. Sai ya yi mini tambaya ɗaya kan yadda ake raba adireshin rezo, wato hanyar sadarwar da ke haɗa kwamfutoci, gida-gida, na yi shiru kamar ruwa ya cinye ni. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle, don haka ku yi mini uzuri in awona ya karkata. Abu biyu nake tambaya kafin komai: za a iya tantance takardar a shafin wanda ya ba da ita? Kuma hannunka zai taɓa aikin, ko kallo za ka yi?

Akwai tambaya ta uku da masu talla ba sa so a yi: in ka gama, wa zai ɗauke ka? Nijar ƙasa ce mai faɗi, amma kasuwar wannan aiki ƙarama ce, kuma kusan dukkanta tana Yamai, kilomita sama da 600 daga nan. Can ne hedikwatar bankuna take, irin su Sonibank, BIA, BOA da Ecobank. Can ne manyan ofisoshin Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecoms suke, haka ma hukumomin gwamnati irin su ANSI mai kula da harkar zamanantar da ayyuka, ARCEP mai sa ido kan sadarwa, da HAPDP mai kare bayanan mutane. A Maraɗi abin da muke da shi rassa ne: reshen banki, ofisoshin aika kuɗi irin su Nita, Al Izza da Amana, ƙungiyoyin agaji, asibitoci da makarantu masu zaman kansu, sai manyan shagunan alhazai da suka sa kyamara da wifi. Babu wanda zai ɗauke ka a nan don ka zauna kana farautar ƴan kutse daga safe zuwa yamma. Wanda ake nema shi ne mai ja waya, ya saita rauta (na'urar da ke rarraba rezo), ya raba rezon ma'aikata da na baƙi, ya rufe ƙofofin da aka bari a buɗe, ya ajiye kwafin bayanai, ya hana akanta danna kowane saƙo da ya shigo. Tsaron yana hawa ne a bayan aikin rezo.

To a nan zaɓina yake, kuma ba na ɓoyewa: a fara da Cisco, kamfanin Amurka mai ƙera na'urorin rezo. Makarantarsu ta intanet, Networking Academy, tana da darussan farko kyauta, ciki har da gabatarwa kan tsaron intanet da tushen rezo, kuma akwai su da Faransanci, abin da ke da muhimmanci ga yaron da ya fito daga lakwal. Abin da ya fi burge ni shi ne manhajarsu Packet Tracer. Kyauta ce, ba ta da nauyi, kuma in ka sauke ta kana iya aiki da ita ko babu rezo. A cikinta za ka gina ofis guda: rauta, suwic (akwatin da ake jona wayoyin kwamfutoci), kwamfutoci, sabar (babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima), ka haɗa su, ka ɓata, ka gyara, ba tare da ka sayi ko waya ɗaya ba. Mutumin Maraɗi ya san darajar wannan. Wutarmu daga layin Katsina take zuwa, kuma kowa ya tuna yadda aka sha duhu bayan da Najeriya ta yanke ta a watan Agustan 2023. Karatun da ke buƙatar bidiyo kai tsaye awa uku kullum ba namu ba ne. Wanda za ka sauke da dare lokacin da forfe ke da araha, ka yi shi da rana da cajin batir, shi ne namu.

Ƙarshen wannan hanya ita ce jarrabawar CCNA, ta takardar ƙwarewar Cisco a aikin rezo, mai lamba 200-301. Minti 120 ce, kuɗinta dalar Amurka 300 (dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba), wato wajen jaka 170 zuwa 180 gwargwadon canji. Ana rubuta ta ne ta hannun Pearson VUE, kamfanin da ke gudanar da jarrabawar, ko a cibiyar da suka amince da ita, ko a gida mai sa ido yana kallonka ta kyamara. Ta gida ba na ba da shawararta a nan: rezo ya yanke ko wuta ta ɗauke ana tsaka da jarrabawa, ka shiga dogon turanci da su. Gara ka shiga mota ka je inda cibiya take. Takardar tana aiki shekara uku, sannan a sabunta. Wanda ya bi darussan CCNA guda uku a hannun malami na makarantar da ke da rajista da Cisco, ya kuma ci da maki mai kyau, yana iya samun rangwame a kuɗin jarrabawar. Kuma abin da ya fi komai a wurina: in ka ci, za a ba ka shaida a shafin Credly na tantance takardu, duk mai ɗaukar aiki ya danna ya ga sunanka da ranar da ka ci. Babu hatimi, babu ruwan zinariya, amma ba a musunta ta.

Aibin CCNA ɗaya, kuma babba ne: darasin akwai da Faransanci, jarrabawar kuwa babu. Da Turancin Ingilishi za ka rubuta. Na ce wa yaron, "Kai da ke da ƴan'uwa a Katsina, kilomita nawa ne daga Ɗan Isa? Ka fara koyon Ingilishi daga yau, don duk littafin da ke da amfani a wannan fanni da shi aka fara rubuta shi."

CCNA kaɗai ba ta mai da mutum masanin tsaro. Abin da ke cika ta shi ne atisaye, kuma a nan ma kusan komai kyauta ne. Root-Me shafi ne na Faransanci mai ɗaruruwan ƙalubale, daga masu sauƙi har waɗanda za su hana ka barci, kuma makinka a fili yake, kana iya sa shi a takardar neman aiki. PortSwigger suna da makarantar koyon tsaron shafukan intanet kyauta. OverTheWire zai koya maka Linux, tsarin tafiyar da kwamfuta kamar Windows, ta hanyar wasa. TryHackMe yana da ɓangaren kyauta da na biya, ya fi sauƙin shiga ga sabon hannu, amma yana shan rezo. Kayan aikin kuwa kwamfuta ce ta hannu, ko tsohuwa ce, in dai tana da RAM giga 8 da faifan SSD da batir mai rai. Ka sa VirtualBox, manhajar da ke gina kwamfuta a cikin kwamfuta, ka ɗora Kali Linux na masu gwajin tsaro a ciki, ka koyi Wireshark da Nmap, manhajojin binciken rezo, a kan injinan da kai ka gina. In za ka saya a kasuwa, ka zare cajar ka zauna minti talatin kana kallon batirin kafin ka ƙirga kuɗi. Mai shago zai ɓata rai. Ya ɓata.

Takardar tsaro ta Security+, ta ƙungiyar CompTIA, ita ce ta biyu a wurina, bayan CCNA, ba kafinta ba. Tambayoyi ba su wuce 90 ba cikin minti 90, ana ci da maki 750 cikin 900, kuɗinta ya haura dalar Amurka 400, ita ma shekara uku take yi kuma babu ta da Faransanci. Tana da kima wajen ƙungiyoyin waje, sai dai yawancinta sani ne na ka, hannu kaɗan. Takardar Google da ke Coursera ba laifi don ɗanɗano, kuma ana iya neman tallafin biyan kuɗinta, amma ban ɗauke ta abin dogaro ba. Akwai wasu takardun tsaro da za ka ji ana ambata: CEH suna ne da tsada. OSCP gaskiya ce tsantsa, jarrabawar kusan awa 24 kana kutsawa cikin injina, amma kuɗinta ya fi dalar Amurka 1,500, ba ta ɗan bak ba ce. CISSP kuwa sai mai shekara biyar a bakin aiki, duk wanda ya ce zai ba sabon ɗalibi ita ƙarya yake.

Jami'a fa? A nan ina sassautawa, don a ƙasarmu diplom na da hurumin da babu takardar kamfani da za ta shiga: konkur na gwamnati, matakin albashi, bursun ANAB, hukumar ba da tallafin karatu. Muna da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a gida, akwai Jami'ar Abdou Moumouni da makarantar kwamfuta ta IAI a Yamai, akwai Jami'ar Doso da aka keɓe wa fannin fasahar zamani. Mai hali yana iya duba ESMT ta Dakar, makarantar fasahar sadarwa wadda Nijar na cikin ƙasashen da suka kafa ta a 1981. Ƙetaren iyaka, Jami'ar Bayero ta Kano tana da digiri a kan tsaron intanet, ga Ingilishi a bagas. Shawarata ita ce lisans a fannin kwamfuta ko sadarwa, sannan CCNA da Root-Me a gefe tun shekarar farko. In makaranta mai zaman kanta ce, a tambayi abu biyu kafin a biya: takardar izinin gwamnati ta wannan fanni takamaimai, da ko CAMES, hukumar Afirka mai tantance diplom na jami'o'i, ta amince da diplom ɗin. Sannan a ce a nuna ɗakin gwaji. Gani ya kori ji. In an ce makullin yana hannun wani da ya fita, a dawo gobe, in goben ma haka ne, an sami amsa.

Yanzu bari in koma kan ƴan damfara, don su ne suka fi cin kuɗin yaranmu. Na farko masu "koyon kutsen WhatsApp da Facebook cikin mako guda". Abin da suke koyarwa bai wuce yadda ake yaudarar mutum ya turo lambobi shida da aka aiko masa ba, wato sata. Sau da yawa ɗalibin ne ma farkon wanda za a kwashe wa asusu, don manhajar da suka ce ya sauke ita ce tarkon. Kuma dokar Nijar mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yulin 2019 ta haramta shiga na'urar wani ba da izini ba. Ko wifin maƙwabci ne, ko shafin makarantarku ne "don gwaji". Ba ka da izini a rubuce, kada ka taɓa.

Na biyu masu sayar da tikitin jarrabawa rabin kuɗi a Telegram. Ka biya, ko lambar ta riga ta yi amfani, ko ta wata ƙasa ce, ko an saye ta da katin sata a soke ta ranar da kake buƙata. Cinikin biri a sama ke nan. Na uku masu cewa za su rubuta maka jarrabawar daga nesa, ko su sayar maka da tambayoyin da aka sato. In an gano, za a soke takardar a kuma hana ka sake zama. In ba a gano ba, mai tambaya irin wanda ya tsare ni yana nan yana jiranka. Na huɗu sun fi wayo: suna da ofis, da allo, da tambarin Cisco ko CompTIA a bango. Za su ba ka takardar halartar horo su kira ta takardar ƙwarewa. Ka tambaye su ƙarara: kuɗin nan ya haɗa da jarrabawar Pearson VUE? Da imel ɗina za a yi rajistar? Sunan makarantarku yana shafin Cisco? Ka duba da kanka a wayarka a gabansu. Sai na biyar, masu alƙawarin aiki a Dubai ko Kanada bayan horo, in ka biya "kuɗin dosiye". Waɗannan ko shayi ba na ba su. Haka masu cewa za ka yi arziki da farautar kurakuran shafuka a HackerOne ko YesWeHack: shafukan na gaskiya ne, ana biya, amma ba albashi ba ne, kuma ba a ɗora tukunya a kansu.

Yaron ya yi shiru, sannan ya ce, "To Kawu, jaka 250 ɗin fa? Baba ya riga ya ce zai bayar." Muka zauna muka raba su a takarda: kaso mafi girma a ajiye na jarrabawar CCNA da kuɗin mota, sauran a ƙara wa tsohuwar kwamfutar gidansu RAM da batir, ɗan canjin da ya rage na forfe. Na ce ya dawo ranar Litinin da safe, akwai wani asibiti a unguwar Zariya da zan je ja musu waya, shi zai riƙe tsani.