Imel ɗin kwastoma yana daɗewa bai shigo ba? Duba wannan kafin ka biya kuɗin saba (kwamfutar haya da manhajarka ke zaune a kai)

Wani abokina mai shagon waya a Farm Centre ya kira ni wai kwastoma sai ya turo imel amma osTicket ɗinsa (manhajar da ke tattara saƙonnin kwastomomi don a amsa musu) ba ya nunawa sai bayan awa guda, har ya fara yi wa yaran shago faɗa. Yaran ba ruwansu. Manhajar ba ta sanin saƙo ya zo, ɗan aike gare ta sunansa cron, shi ke zuwa ya leƙa akwatin a lokacin da aka yanka masa. In layin da ka rubuta masa lokaci ya fara da 0 * * * * sau ɗaya a awa ke nan, */5 * * * * duk minti 5, taurari biyar zalla kuma duk minti, cron ba ya ƙasa da haka. A osTicket ka rage mintin da ke cikin saitin imel ɗin shi ma, in ba haka ba aikin banza ka yi.

To wane irin saba za ka saya? Hostin na haɗaka (saba ɗaya da mutane da yawa ke rabawa) mai cPanel, wato shafin da kake saiti a kai, ya fi araha, amma gidan haya ne, da yawansu ba sa yarda ka sauka ƙasa da minti 15. Shafukan da ke taɓo maka adireshin manhajar daga waje don su yi maka aikin cron kuma ban yarda da su ba. Akwai tura saƙon kai tsaye cikin manhaja yana isowa, yana da sauri amma ranar da manhajar ta sami matsala saƙo na iya komawa wa mai shi. IMAP IDLE, hanyar da akwatin imel ke sanar da kai da zarar saƙo ya zo, wanda ke nan tun 1997, sai da shirin da ke zaune kullum yana jira.

Ni dai ƙaramin VPS (yankin saba da ikonsa ke hannunka kai kaɗai) nake so, ba na ɓoyewa. Kai ke da crontab ɗinka, wato fayil ɗin da ake rubuta wa cron lokaci, ka sa duk minti ba mai ce maka uffan, saƙo kuma yana zaune a akwati ko saba ta faɗi, tana tashi ta kwashe. Amma don Allah ka sa flock -n a gaban umarnin. Ni na sha wannan, na sa duk minti ban kulle ba, wani ya turo hotunan kaya masu nauyi zagayen farko bai gama ba na biyu ya taso, na uku ya biyo, wani Alhaji a Kantin Kwari ya samu amsa ɗaya har sau huɗu ya kira ni ransa a ɓace. flock na hana sabon zagaye tashi in na baya bai gama ba. Gmail ma haɗi 15 kawai yake bari a lokaci guda, in suka taru sai ya rufe maka ƙofa.

Sai 'yan damfara, wallahi sun yi yawa. Wani ya sari hostin na haɗaka ya yanka ya sayar maka da sunan VPS. Na taɓa biyan shekara guda wurin irinsu, na sa minti 5, ashe an mayar min minti 30 a ɓoye, sai da na yi sati biyu ina zargin kaina. In bai ba ka root ba, wato cikakken iko a kan sabar, kar ka biya. Wanda ya ce turo kalmar sirrin imel ɗinka ta WhatsApp zai gyara maka, kar ka tura, duk odar kwastomominka na ciki. Manhajar sata da ake rabawa kyauta ma sau da yawa da ƙofar baya take zuwa.

Ka biya wata ɗaya tukuna, ka sa * * * * * date >> gwaji.txt a crontab (zai riƙa rubuta lokaci a fayil duk minti), bayan awa guda ka buɗe fayil ɗin ka ƙirga. In layi 60 ne ka ci gaba da su, in ka ga 4 ko 2 nemi kuɗinka.