Yadda muka kwashe da kwansaltan a kan garin kunun gyaɗata

Shekara uku ina yin garin kunun gyaɗa a gida ina ƙullawa a farar leda, matsalata ɗaya ce, in ya yi wata biyu sai ya fara warin tsohon mai, masu shago su dawo min da shi. Shi ne wata ƙawata ta haɗa ni da wani kwansaltan a nan Kano, ya karanci kimiyyar abinci, aikinsa kenan gyara wa masu ƙananan sana'a kayansu har su isa hawa kanta.

Zaman farko ya shimfiɗa min tsarin biya kala uku. Ko in biya a dunƙule, ko mataki-mataki ana gamawa ina biya, ko in ba da ɗan kaɗan yanzu shi kuma ya riƙa karɓar kashi 5 cikin 100 har shekara biyu. Wallahi na ukun nan ya so ya ja ni don aljihun ba nauyi, sai da maigidana ya karanta takardar ya ce "ke kin lura kashi 5 na ciniki ne ba na riba ba?" Wato ko watan da na faɗi sai na ba shi nasa. Nan take na ja baya. Na ɗauki mataki-mataki, kashi 40 kafin alƙalami, 30 in samfur ya fito, 30 in an shigar da takarduna NAFDAC.

Aiki kam ya iya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Har kicin ɗina ya shigo, ya sa hannu cikin garin ya ce Hajiya da ɗuminsa kike ƙullawa, gumin da yake yi a leda shi ke kashe miki kaya, kuma farar leda haske na ratsa ta, man gyaɗa ba ya shiri da haske da iska. Ya sa na koma leda mai ruwan azurfa, ya koya min tsince gyaɗar da nake sarowa a Dawanau saboda aflatoxin, wata guba da fumfuna ke bari a jikinta, ni da ko sunan ban taɓa ji ba.

Inda raina ya sosu shi ne kuɗaɗen gefe. Gwajin lab daban, kuɗin NAFDAC daban, har kuɗin man motarsa ni ce, kuma ashe gyaran samfur sau biyu kawai farashin ya ɗauka, da na ce sukari ya yi yawa a sake na uku sai ga sabon bil. Na kira shi ina faɗa, ya turo min hoton shafi na biyu, ga shi nan a rubuce da sa hannuna a ƙasa, ban karanta ba ne kawai. Amma dai da ya faɗa da baki tun farko.

Yanzu yajina nake so ya duba min, na ce masa wannan karon sai ya rubuto jimillar komai har kuɗin lab kafin in tura ko sisi. Ya ce ba damuwa, yau kwana tara ina jira.